La'ada Babu Lamuni

A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, idan kuɗin mutum suka maƙale a waya, ba kamfani yake fara nema ba. Takalmi yake zurawa ya nufi bakin titi, wurin yaron nan mai tebur da laima da wayoyi uku a gabansa, wanda kowa ke kira mai MoMo. Shi ne bankin unguwa, shi ne kuma ofishin kai kuka, alhali babu wanda ya naɗa shi wannan muƙami na biyu, babu kuma mai biyansa ko sisi a kansa.

Wata safiya ina tsaye a gaban irin wannan tebur, kusa da inda 'yan pragya ke juya kekunansu, sai ga wata Hajiya mai koko ta iso da sauri, mayafi a kafaɗa, hannu da sauran gasara. Ta tura wa mai kawo mata gero daga Techiman "miliyan uku", in ji ta, wato sidi 300, don har yau dattawanmu da tsohon lissafi suke ƙirga, na kafin a yanke sifili huɗu a 2007. Mai gero ya ce shi bai ga komai ba. Ashe jikanta ne ya danna mata lambar da daddare, ya sa bakwai a gurbin ɗaya. Sunan wani daban ya fito kafin a tura, amma yaro na sauri ya koma kallon ƙwallo.

"Ɗan nan, dawo mini da kuɗina."

"Mma, ba a wurina suke ba. Sai dai mu kira su."

"To kira su mana. Ai kai ka san su."

Bai san kowa a can ba, ko da suna. Ya karɓi wayarta, 'yar ƙarama mai madannai da ta sha ɗaurin roba, ya danna 100, ya buɗe lasifika, ya ajiye ta a kan littafin da yake rubuta ciniki, ya ci gaba da sallamar mutane. Muryar mace ta fito a sanyaye da Turancin Accra. Ta yi maraba, ta yi tallar garaɓasar data, sannan ta shiga jero lambobi: mai son kaza ya danna ɗaya, mai son kaza ya danna biyu. Yaron ko saurara bai yi ba, ya haddace hanyar tun tuni, yatsansa na gaba muryar na biye. Daga nan sai kiɗa. Jefi-jefi kiɗan ya lafa, muryar ta dawo ta faɗi wani abu, kiɗa ya ci gaba.

"Me take cewa?"

"Cewa ta yi kiranki na da muhimmanci a wurinsu, Mma."

"Allah Ya yi mata albarka. Gaya mata geron jibi ne."

"Ba mutum ba ce, Mma. Ɗauka aka yi aka ajiye."

Hajiya ta dube shi, ta dubi wayar. Aka sallami mai cire kuɗi, aka sallami mai sa kuɗi, wani ɗan makaranta ya sayi kati ya wuce. Can sai ƙit, layi ya yanke. Ta ce tukunya na kan wuta, za ta dawo bayan azahar. Da za ta juya ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda na kusa za su ji, ita dai a wannan teburin ta saba sa kuɗi a wayarta. Yaron bai tanka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutumin Zango ya iya jira. Wanda ya taɓa zama a tashar Krofrom yana jiran motar Bawku ta cika ya san haƙuri. Sai dai a can yana ganin direba na shan shayinsa, yana iya ƙirga kujerun da suka rage, in ransa ya ɓaci yana da wanda zai ɗaga wa murya. A waya kuwa ba ka san ko mutum biyu ne a gabanka ko ɗari biyu ba, ba ka ma da tabbacin akwai kowa a can. Kuma a irin matsalar Hajiya jiran shi kansa ne asarar, domin kowane minti na kiɗan nan dama ce ga wanda kuɗin suka faɗa wa ya je wani tebur ya kwashe. Idan ya riga ya kwashe, magana ta koma roƙo.

Da kuɗin hira kawai muke zubawa a waya, da abin bai kai a rubuta ba. Amma tun da MTN ta fara MoMo a 2009, musamman bayan da aka haɗa layukan kamfanoni a Mayun 2018 ta yadda kuɗi ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan, waya ta zama lalitar talaka. Mai albasa da ita yake biyan direba, kayayo a Kejetia da ita take aika wa uwarta a arewa, da ita ake biyan kuɗin makaranta da na mita da gudummawar biki da ta rasuwa. Lamba 100 ɗin ma ba ta kamfani ɗaya ba ce. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ita ta daidaita gajerun lambobi a 2014 ta ce kowane layi kake riƙe da shi, MTN ko wanda yau ake kira Telecel ko AT, nan za ka kira. Tun 2011 doka ta ba ka dama ka sauya kamfani ka tafi da lambarka. To amma ina za ka, in duk masu saye a wurinka da masu kawo maka kaya suna layi ɗaya? A Yunin 2020 NCA da kanta ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya mamaye kasuwa. Mai fushi a Zango ya fi yawan zagi a kan ƙaura.

Game da jiran nan, mutane da yawa sun ɗauka cunkoso ne kawai ke faɗowa, ba laifin kowa. Lissafi ne, kuma tsohon lissafi. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Agner Erlang, da ke aiki a kamfanin tarho na Kopenhagen, shi ya fara fitar da shi a 1909, ya ƙara inganta shi a 1917. Ka kawo yawan kiran da ke shigowa cikin awa guda da tsawon kowane kira, lissafin zai gaya maka mutum nawa za ka zaunar in kana so a ɗauka cikin daƙiƙa 20, da mutum nawa in ka yarda a jira minti 20. Da shi cibiyoyin amsa kira ke tsara ma'aikatansu har gobe. Ke nan tsawon kiɗan da aka sa wa Hajiya, wani ne ya zauna a ofis ya auna shi da albashin ma'aikata ya ga kiɗa ya fi araha. Kiran kyauta ne ga mai kira, kamfani ke ɗaukar nauyinsa, saboda haka duk wanda ya gaji ya kashe wayarsa ya rage musu kashe kuɗi. Jerin "danna ɗaya, danna biyu" ma an tsara shi ne domin yawancin masu kira su sallami kansu kafin su kai ga ɗan Adam.

In Allah Ya sa ka kai ga ɗan Adam ɗin, don Allah kada ka sauke mata kwandon masifa. Yarinya ce da ta gama makaranta, abin sauraro a kunne, ana ƙirga mata mintocin da take ɓatawa a kan kowane kira, an rubuta mata abin da za ta faɗa tun daga gaisuwa har sallama. Za ta ba ka haƙuri iya haƙuri, ta ce an tura kokenka ga sashen da abin ya shafa. Wane ne a sashen, ba za ta faɗa ba. Gobe in ka sake kira wata ce za ta ɗauka, ka faro labari tun daga bisimilla.

Abin da ya sa wannan ya fi yi mana ciwo a Zango, a ganina, shi ne da kishiyarsa aka gina unguwar. Kakannin da yawa daga cikinmu goro ne ya kawo su. Da can Salaga ce iyakar fatake. Bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa ta a 1892, da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, da isowar jirgin ƙasa daga Sekondi a 1903, sai kasuwa ta gangaro kudu, Zangon Kumasi ya cika da Kanawa da Katsinawa da Zabarmawa da Mosawa da Wangarawa da Fulani da Yarbawa. Baƙon da ya koro shanu daga Mali ko ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, ko wanda ya zo ɗaure huhun goro ya kai Kano, bai san kowa a garin ba, ba ya jin Tonanci, kuma dukiyarsa duka tana tare da shi. Wurin mai gida yake sauka. Mai gida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, in ya yi rashin lafiya ya nemo magani, in ya mutu ya binne shi ya aika wa danginsa abin da ya bari.

Duk waɗannan ƙanana ne a kan babban aikinsa, wato lamuni. Mahauci ba ya biyan sa nan take. Ɗauka yake bashi, ya yanka, ya sayar, sannan ya kawo kuɗi. Baƙo bai san mahaucin ba, bai san ƙofar gidansa ba, to da me zai saki igiyar sansa? Da fuskar mai gida. In mahauci ya karye ko ya yi layar zana, mai gida ne zai sa hannu a aljihu ya biya. A kan haka yake cin la'ada, kuma babu mai ganin ƙyashinsa. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana bincike a kasuwannin Ghana, ta rubuta wannan tsari a 1966 har da bayanin mahautan Kumasi, Abner Cohen kuma ya tarar da irinsa a Sabo ta Ibadan. Wanda ya leƙa kasuwar shanu ta mayankar Kaase yau ma ba zai rasa ragowarsa ba.

Ba waliyyai ba ne. An yi masu gida da suka ci amanar baƙi, an yi dillalan da suka ci ta gaba suka ci ta baya. Amma mai gida yana da ƙofa, ƙofar tana da zaure, kuma sunansa shi ne jarinsa. Labari ya kai Wagadugu ko Mopti cewa wane ya bar baƙonsa ya yi asara, baɗi ɗakunansa wayam. In rigima ta fi ƙarfin zaure, ga sarkin fawa, ga limami, ga Sarkin Zango, dukansu mutane ne da ake iya tararwa bayan sallar asuba.

Yanzu a ɗora kamfanin waya a wannan ma'auni. Kusan duk aikin mai gida ya karɓe. Shi ke ajiye kuɗi, shi ke haɗa mai gero na Techiman da mai koko ta Aboabo ba tare da ɗayansu ya hau mota ba, shi ke cin la'ada. La'adarsa kuma ba ta kwana: a daƙiƙar da ka cire kuɗi an zare ta. Harajin E-levy ma, da gwamnati ta shigo da shi a Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin 100, ta rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, kafin a soke shi a Afrilun 2025, ba a sa wa kowa kiɗa ba kafin a cire shi. Wajen karɓa na'urar ba ta jinkiri. Abu ɗaya kamfani ya bari bai ɗauka ba daga kayan mai gida, shi ne tsayawa ranar da ciniki ya ɓaci. Wannan ya jingina wa yaro mai laima, wanda ba shi da ikon dakatar da sidi ɗaya amma shi ke da fuskar da za a harara.

Kamfanoni za su ce kuskuren na jikan Hajiya ne, kuma gaskiyarsu. Sai dai ranar kuskure ce ake neman mai gida. Ranar da komai ya tafi daidai, ko bango ka jingina wa kuɗi za su isa.

Kada a ɗauka kukan a dawo da jiya nake yi. Na'urar haɗa kira ta farko da ta karɓu ma, ƙiyayyar son kai ce ta haife ta. Almon Strowger mai sana'ar shirya jana'iza ne a Amurka, kuma labarin da ake bayarwa shi ne ya zargi mai haɗa layi a ofishin tarho da karkatar da masu nemansa zuwa ga abokin hamayyarsa. Ya ƙera abin da zai cire hannun mutum daga tsakani, ya yi masa rajista a 1891. Ɗan Zango ya fi kowa gane wannan fushi. Tun daga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda ta kwashe gidaje da yawa a unguwanninmu, mai suna Abdullahi ko Salamatu ya san irin kallon da ake yi masa a bayan kanta, da tambayar da ke biyo baya: ina aka haifi kakanka? Na'ura ba ta wannan tambaya. Farashi ɗaya take sayar wa Alhassan da Kwaku, ko ƙarfe biyun dare ne, ba ta neman na goro, ba ta cewa oga ya fita cin abinci. Matar aure da ba ta taɓa taka banki ba ta samu asusun da ita kaɗai ta san abin da ke ciki. Wannan alheri ne, kuma wanda ya ce ba haka ba bai taɓa bin layin banki a Adum da kuɗin cinikin yini a cikin zani ba.

Inda na'ura take gazawa shi ne inda matsalarka ba ta cikin jerin da aka rubuta mata. An ga haka a fili lokacin sabunta rajistar layuka da Katin Ghana, wanda aka fara ranar 1 ga Oktoban 2021, aka yi ta ɗage wa'adinsa har zuwa 31 ga Mayun 2023, sannan aka rufe miliyoyin layuka. Mutane sun yi ta sammako suna bin layi a ofisoshin kamfanoni da na hukumar katin. A Zango akwai ƙarin ƙulli: dattijon da aka haifa a Kumasi, ubansa ma a Kumasi, amma ba shi da takardar haihuwa, sunansa kuma ya sa ana ja masa rai wajen ba da kati. Layinsa na hannun wannan hukuma, katinsa na hannun waccan, kuɗinsa na cikin layin. A duk jerin lambobin da muryar ke karantowa, babu wadda aka ce wanda aka ƙi ba kati ya danna.

Haka ƙarshen Satumban 2022, da tsarin sayen wutar mita na kamfanin ECG ya tsaya kwana da kwanaki a Accra da Kumasi da wasu garuruwa. Ga wuta a waya, ga kuɗi a hannu, ga gida cikin duhu, masu firjin ƙanƙara da kifi suna kallon jarinsu na narkewa. Jama'a suka bar kira suka yi dafifi a ofisoshi, don zuwa da kai ya fi aike. Daga baya PURC, hukumar kula da wuta da ruwa, ta ba da umarnin a biya waɗanda abin ya shafa diyya.

Akwai dai mutum guda a harkar nan da ba ya sa ka jira. Shi ke kiranka ma. Yana da sunanka tun kafin ka ɗauka, domin duk wanda ya gwada tura kuɗi zuwa lambarka sunanka na fito masa. In ya ga sunan Musulmi sai ya buɗe da sallama. Ya fara da Turanci, ya ji kana ɗingishi ya koma Tonanci, wani har Hausa yake yi. Ya ce daga ofis yake, an ga matsala a asusunka, ko kuwa ya ce ɗiyarsa na asibiti ya tura maka kuɗin magani bisa kuskure, ga saƙo nan ma ya shigo, saƙon da shi ya rubuta da hannunsa. Ba ya gajiya, ba ya yanke layi, in ba ka gane ba ya maimaita a hankali: danna nan, Hajiya, yawwa, yanzu sa lambar sirrinki.

Ana yawan mamakin yadda matar da ba a iya cutarta da albasa ɗaya a buhu take faɗawa wannan rami. Ni ban ga abin mamaki ba. Shekara da shekaru tana neman wani daga kamfani ya saurare ta, ga shi yau wani ya kira ta da sunanta, ya gaishe ta da harshen da take ji, ya ce zai tsaya mata har a gama. Gurbin da kamfani ya bari ne ɓarawo ya shiga ya zauna, da rigar mai gida. Kamfanoni na gargaɗi, ba a ce ba sa yi ba. MTN ta sha nanata cewa da lamba 0244300000 kaɗai take kiran mutane, kuma ba ta tambayar lambar sirri; tun Afrilun 2021 ta sa sai an nuna katin shaida kafin a cire kuɗi a tebur; hukumar tsaron intanet ta ƙasa tana da lamba 292 ta kai rahoton zamba. Amma yawancin gargaɗin a rubuce yake zuwa, da Turanci, ga wadda ba ta karatun boko. In an riga an kwashe ta kuma, hanyar da za ta bi ta nemi a toshe kuɗin ita ce dai 100.

Yanzu kuma an shigo da sabon salo, na'urar da ke amsa rubutu a WhatsApp da manhajoji kamar mutum. Kafin a yi mana murna da ita, a tuna abin da ya faru a Kanada. Wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi irin wannan na'ura ta kamfanin jirgin Air Canada game da rangwamen masu zuwa jana'iza, ta ce ya sayi tikiti ya nemi ragin daga baya. Da ya nema kamfani ya ƙi, har ya kafa hujja a gaban kotun ƙananan ƙararraki cewa na'urar ita ke da alhakin maganarta. A Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan, ta ce abin da na'urarka ta faɗa kai ka faɗa, ta sa aka biya mutumin dalar Kanada 812. Kuɗin kaɗan ne. Abin dubawa shi ne har kamfani ya iya buɗe baki ya ce yaronsa ne ya yi alkawari, ba shi ba. Mai gidan da ya faɗi haka a gaban Sarkin Zango, da ya gama saukar baƙi.

Mu ma kada mu wanke kanmu tas. Ɗabi'ar ta fara shigowa cikin unguwa ba tare da na'ura ba. Telan da ya karɓi shadda goma sha biyar alhali ya san takwas zai iya, daren Sallah wayarsa a kashe. Mai gyaran waya da ya ce gobe, goben ta yi wata. Matashiyar da ke tallar atamfa da turare a TikTok, kafin ka tura kuɗi amsa kamar walƙiya, bayan ka tura sai ka ga an karanta an yi shiru. Mai haɗa tafiyar Umara da ofishinsa ya koma shagon sayar da taya. Kuma duk mun samu kalma ɗaya da muke fakewa a bayanta: netwok ne. Jikokin mutanen da suka ci abinci da lamuni ne ke wannan, kuma su ba su da uzurin cewa masu kiransu miliyan ne.

Hanyar kai ƙara tana nan, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu ke binta. Abin da ya shafi layi da kati da data na NCA ne. Wuta da ruwa na PURC. Kuɗin waya kuwa a ƙarƙashin Babban Bankin Ghana suke, kuma dukansu uku suna da ofis a nan Kumasi, ba sai an je Accra ba. Abin da ke tare mutanenmu takarda ce da harshe. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ke ɗaukar nauyin koyarwa a makarantu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, kuma da ita ake ciniki daga Bawku har Nima. Shi ya sa koken Zango ya fi ƙarewa a shirin kiran waya na Zuria FM: a faɗa, a yi Allah Ya isa, mai gabatarwa ya ba da haƙuri, babu abin da ya shiga fayil ɗin kowa.

Wannan gyaransa bai fi ƙarfinmu ba. Fadar Sarkin Zango da limamai da majalisar Asokore Mampong, har da Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, za su iya ajiye tebur ɗaya a harabar Babban Masallacin Kumasi bayan Juma'a, da matasa biyu masu Hausa da Turanci, su riƙa rubuta wa mutane koke, su kai, su bi sawu. Koke hamsin da suka iso ofis a ambulan ɗaya da hatimin fada ba a yi musu abin da ake yi wa tsohuwa ɗaya a waya. Su kuma kamfanonin, tunda sun iya baza wakilan karɓar kuɗi a kowace kwana, a matsa musu su zaunar da ma'aikaci a cikin Zango, mai suna, mai jin Hausa, wanda aka ba ikon dakatar da kuɗin da suka ɓata hanya nan take. NCA kuma ta riƙa bayyana wa jama'a a rediyo minti nawa kowane kamfani ke ajiye mai kira kafin mutum ya ɗauka.

Kafin a kai can, mai karatu, ranar da ka yi sa'a wani ya ɗauka, kada ka fara da labari. Ka tambayi sunansa, ka ce ya ba ka lambar kokenka, ka rubuta ta da kwanan wata a takarda, ka ajiye saƙon cinikin kada ka goge. Ƙa'idar da Babban Bankin Ghana ya fitar a 2017 ta ba kamfanin da ke riƙe da kuɗinka kwana 20 na aiki ya warware koke. In sun wuce ba a yi ba, ɗauki takardarka ka kai bankin.